Me Ake Nufi da "Subsidy", Kuma Me Ya Raba Shi da Sauran Tallafi?

Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na karɓar mulki, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cewa "subsidy" na man fetur ya ƙare. Gidajen rediyo suka fassara da cewa an cire tallafin mai. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saya ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura naira 500 a gidajen man Zariya da sauran garuruwan Arewa. Daga nan kalmar tallafi ta cika kunnuwa: tallafin rage raɗaɗi, tallafin taki, tallafin karatu, tallafin masu ƙananan sana'o'i, tallafin lantarki. Mai sauraro a Tudun Wada ko Samaru a Zariya kalma ɗaya yake ji. A takardun gwamnati kuwa, waɗanda da Turanci ake rubuta su, kalmomi ne da dama, kuma kowace da hukuncinta. Wata kuɗi ne da ba zai taɓa shiga hannunka ba, wata kyauta ce, wata kuma bashi ne da za a bi ka har asusunka na banki.

Asalin kalmar da ma'anarta

"Subsidy", wadda a bakin mutane ta zama sabsidi, ta samo asali ne daga kalmar Latin "subsidium", wadda ke nufin rundunar ajiya, wato mayaƙan da ake zaunarwa a baya sai an ga na gaba sun fara gazawa a tura su. A Ingila ta dā ma'anarta ta juya, ta zama kuɗin harajin da majalisa ke amincewa a tara wa sarki idan buƙata ta taso, kamar lokacin yaƙi. Ke nan a wancan zamani daga talakawa kuɗin ke tafiya zuwa fada. Daga baya ne ta zauna a kan ma'anar da aka sani yau: kuɗin da gwamnati ko wata hukuma ke biya domin wani kaya ko wani aiki ya zo wa mai saye a ƙasa da ainihin abin da aka kashe a kansa, ko domin mai samar da kayan ya ci gaba da aiki ba tare da ya karye ba.

Abu biyu ne suka bambanta sabsidi. Na farko, a manne yake da kaya ko aiki, ba da mutum ba: litar fetur, buhun taki, wutar lantarki, kujerar aikin Hajji. Na biyu, galibi kuɗin ba ya bi ta hannun wanda ya amfana. Dillali ake biya, ko kamfani, ko hukuma, shi kuwa mai saye abin da yake gani shi ne farashi ya sauka. Saboda haka kalmar Hausa da ta fi kusa da ita ita ce rangwame, sai dai rangwame ne wanda ba mai kaya ya yi daga aljihunsa ba, wani na uku ne ya cike giɓin. In za a fassara ta cikakke sai a ce tallafin rangwamen farashi.

Ita kuwa kalmar tallafi ta fi wannan faɗi nesa ba kusa ba. Asalinta sa hannu a riƙe abin da zai faɗi, kamar yadda ake tallafar mara lafiya a tashe shi zaune, ko yadda ake cewa ɗan tallafi ga yaron da wani ya ɗauka ya raina. Duk taimakon da ya hana mutum faɗuwa tallafi ne a Hausa, ko da rance ne. Fassarar ba kuskure ba ce. Matsalarta ita ce ba ta gaya wa mai ji ko za a mayar da kuɗin ba.

A wajen amfani da ita a Turanci, za ka ga an rubuta "subsidised price", wato farashin da aka yi wa rangwame, ko "to subsidise", wato biyan wani kaso na kuɗin abu. Kada a rikita ta da "subsidiary", wanda ke nufin reshen kamfani. Tushensu ɗaya amma babu abin da ya haɗa su a ma'ana ta yau.

Lissafin a kan lita ɗaya

A ɗauka, don misali kawai, cewa shigo da litar fetur daga waje, da sauke ta a tashar ruwa, da ajiya, da ribar dillalai, duka sun kama naira 400. Gwamnati ta ce ba za a sayar da ita fiye da naira 200 ba. Babu ɗan kasuwar da zai yarda da wannan asara, don haka sai gwamnati ta ɗauki nauyin ragowar naira 200. Wannan ragowar ita ce sabsidi. Idan ƙasa tana shan lita miliyan 60 a rana, to a kullum naira biliyan 12 ke nan, a wata kuma biliyan 360. Lissafin bai yi nisa da gaskiya ba, domin a farkon 2023 shugabancin kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya ce abin da ake kashewa ya haura naira biliyan 400 a wata.

Daga wannan lissafi ake gane dalilin da ya sa sabsidi ba shi da tsayayyen adadi. Farashin ɗanyen mai a duniya ya tashi, giɓin ya ƙaru. Naira ta faɗi a gaban dala, giɓin ya ƙaru. Adadin litocin da aka ce an sha ya ƙaru, ko da a takarda ne kawai, giɓin ya ƙaru. Gwamnati ta ɗaure farashin famfo, amma ba ta da iko da abubuwa ukun nan.

Akwai kuma wata kalma da ta rikita mutane shekara da shekaru, wato "under-recovery". Lokacin da NNPC ta zama ita kaɗai ke shigo da fetur, ba ta jira a biya ta daga kasafin kuɗi. Takan cire asarar da ta yi daga kuɗin ɗanyen man da ya kamata ta zuba a asusun tarayya. Sai jami'ai su ce babu sabsidi, gazawar maido da kuɗi ce kawai. A aikace abu ɗaya ne: kason da jihar Kaduna da ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari za su samu a rabon wata-wata shi ne ya ragu.

'Yan uwanta da ake kira da suna ɗaya

"Grant" kuɗi ne da ake ba mutum ko ƙungiya don wani aiki, kuma ba a mayarwa, sai dai yakan zo da sharaɗin a kashe shi a kan abin da aka bayar dominsa, a kuma kawo shaida. Malamin jami'a da ya samu irin wannan kuɗi don bincike a Samaru zai gabatar da rasit da rahoto. "Loan" rance ne, ko da babu ruwa a kansa, ko da an ɗaga wa mutum ƙafa shekara biyu. "Palliative" shi ne abin da aka fassara da rage raɗaɗi: buhun shinkafa, ko kuɗi na ɗan lokaci, kamar ƙarin naira 35,000 da aka yi wa ma'aikatan tarayya na wasu watanni bayan cire tallafin mai, ko naira 25,000 sau uku da aka yi wa gidajen marasa ƙarfi alkawari. Kalmar daga fannin likita ta fito, inda take nufin maganin da ke sassauta ciwo ba tare da ya warkar da cutar ba.

A harkar karatu akwai "scholarship", wanda galibi ake bayarwa bisa ƙwazo, da "bursary", wanda jihohi kan ba 'yan asalinsu don rage musu nauyi. Duka biyun ba a mayarwa, ko da yake wasu na zuwa da yarjejeniyar cewa za ka dawo ka yi wa wanda ya ɗauki nauyinka aiki na wasu shekaru. "Stipend" alawus ne na wata-wata, irin naira 30,000 da aka riƙa biyan masu digiri a shirin N-Power. "Subvention" kuma kuɗin da gwamnati ke ba hukuma ko makaranta ne don gudanar da harkokinta.

Wani lokaci ƙunshi ɗaya yakan haɗa biyu. Naira biliyan 5 da aka sanar za a ba kowace jiha a watan Agustan 2023 an kira ta tallafi a labarai, amma bayanin da aka yi bayan taron majalisar tattalin arziki ya nuna kashi 52 cikin 100 ne kyauta, kashi 48 rance ne da za a biya.

Inda rikicin ya yi ɓarna

A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a jihar Kebbi, ƙarƙashin Babban Bankin Nijeriya. Sunan shirin kansa yana ɗauke da kalmar masu karɓar rance. Tsarin shi ne a ba manomi iri da taki da maganin feshi a matsayin bashi mai ruwa ƙasa da kashi 10 cikin 100, shi kuma ya biya da amfanin gona bayan girbi. Rangwamen da ke ciki a kan kuɗin ruwa yake, domin bankunan kasuwanci sun fi haka tsada sosai. Uwar kuɗin kuwa tana nan a wuyan manomi. Amma a ƙauyuka da yawa sunan da shirin ya shiga da shi shi ne tallafin noma, wasu ma suka ɗauke shi rabonsu na arzikin ƙasa. Ba wannan kaɗai ya hana biya ba. Akwai ambaliya, akwai rashin tsaro, akwai kayan da suka iso bayan damina ta yi nisa, akwai kuma waɗanda ba manoma ba da suka shiga jerin sunaye. Duk da haka fahimtar da aka yi wa kalmar ta taka rawa, kuma sakamakon shi ne bashi mai yawa da ba a biya ba, da manoma na gaskiya da ƙofar rance ta rufe musu.

Haka aka yi da abin da jama'a suka kira kuɗin korona a 2020, wanda aka raba ta bankin NIRSAL. Rance ne mai sauƙin ruwa. A shekarar ce kuma Babban Banki ya fito da ƙa'idar da ta ba masu ba da rance damar cire kuɗinsu daga duk wani asusu da ke ɗaure da lambar BVN ta wanda ya ci bashin. Shi ya sa bayan shekaru wasu suka wayi gari an zare musu kuɗi daga asusun da ba ta nan aka turo musu ba. Naira 10,000 ta TraderMoni da aka riƙa rabawa a kasuwanni ita ma a takarda rance ce. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da ya faru a nan shi ne da yawa ba su san ladan suka karɓa ba.

Zariya gari ne na ɗalibai, don haka shirin rancen karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024, ya shafi gidaje da yawa. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga Jami'ar Ahmadu Bello ko duk makarantar gwamnati da ɗalibi yake, sannan wanda ya nema ana tura masa naira 20,000 a wata. Duka biyun rance ne. Babu ruwa a kai, biya yana farawa shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, kuma tsarin shi ne a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Sharuɗɗa ne masu sauƙi idan aka kwatanta da na banki, amma uban da ya ji ɗansa ya ce ya samu tallafin karatu ya kamata ya tambaya wane iri.

Yadda aka zo nan

Tun shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya yi yawa, gwamnati ta fara ƙayyade farashin fetur. Muddin matatun cikin gida na aiki, har da ta Kaduna da aka buɗe a 1980, nauyin bai fito fili sosai ba. Da matatun suka durƙushe aka koma shigo da tataccen mai da dala, sai giɓin ya zama kuɗi na zahiri da ake biyan 'yan kasuwa. Kusan kowace gwamnati ta taɓa farashin. Ta Abacha ta ƙara a 1994 ta kafa asusun ayyukan raya ƙasa na PTF da rarar. Ta Jonathan ta cire tallafin ranar 1 ga Janairun 2012, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka yi yajin aiki da zanga-zanga, aka dawo da ita 97. A shekarar ce kwamitin majalisar wakilai ya gano cewa kasafin 2011 naira biliyan 245 ya ware, amma abin da aka biya ya haura tiriliyan biyu, har da man da ba a shigo da shi ba. Ta Buhari ta kai lita naira 145 a 2016, ta sa hannu a dokar masana'antar mai a 2021 wadda ta ce kasuwa ce za ta yanke farashi, sannan kasafinta na 2023 ya tanadi kuɗin tallafi zuwa watan Yuni kawai.

Masu goyon baya da masu adawa

Hujjar masu goyon bayan cirewa ta fi ƙarfi a kan tambayar wa ke cin moriya. Tunda rangwamen a kan lita yake, wanda ya fi saye shi ya fi samu. A lissafin misalin da ya gabata, ɗan acaɓa da ke shan lita biyar a rana yana samun naira 1,000, gidan da ke da motoci uku da janareta yana shan lita arba'in yana samun 8,000, tsohuwar da ke ƙauyen Giwa ba ta sayen ko ɗigo. Sannan arhar man ta sa ana fitar da shi zuwa Nijar da Benin da Kamaru, kuma alƙaluman hukuma sun nuna abin da ake sha a rana ya sauko daga sama da lita miliyan 60 zuwa ƙasa da 50 bayan cirewar. A 2022 kaɗai an kashe sama da naira tiriliyan 4, a daidai lokacin da gwamnati ke cin bashi don cike kasafi.

Masu adawa, musamman ƙungiyoyin ƙwadago, suna cewa wannan lissafi ya tsaya a bakin famfo. Tsohuwar ba ta sayen fetur, amma masarar da take saya da mota aka kawo, niƙan da take kaiwa da inji ake yi, jikanta kuma da acaɓa ake kai shi asibitin Shika. Manomin rani a fadamar Galma da ke ba tumatir ruwa da injin fetur, kowane ban ruwa sai ya auna lita nawa zai ƙona, kuma idan kuɗin ya ninka sau huɗu ko biyar, ko dai ya rage faɗin gona ko tsadar ta hau kwandon tumatir. Hauhawar farashi, a ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ta tashi daga kusan kashi 22 cikin 100 a Mayun 2023 zuwa sama da 34 a ƙarshen 2024, ko da yake faɗuwar naira ma tana da babban kaso a ciki. Suna ƙarawa da cewa idan zamba ce matsalar, masu zambar ya kamata a kama.

Abin da ɓangarorin biyu ba su musanta ba shi ne kuɗin da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi ya ƙaru sosai a adadin naira. Saɓanin yana kan ko ƙarin ya koma asibiti da makaranta da hanya, kuma wannan tambaya ce da ake amsa ta jiha-jiha, ta hanyar duba kasafi da abin da aka gani a ƙasa.

Sabsidin da ba a kiran sunansa

Akwai wani rangwame da ya fi shafar Arewa wanda ba a cika magana a kansa ba. A 1975 aka kafa asusun daidaita farashin mai, wanda aka riƙa tara masa 'yan nairori daga kowace lita, ana biyan kuɗin dakon tankokin da ke tafiya mai nisa. Da shi ne a lokacin mai sayen fetur a Kwangila ta Zariya, sama da kilomita 800 daga Legas, yake biyan kusan abin da na Legas ke biya. Wannan shi ake kira "cross-subsidy", wato wasu masu saye su ɗauke wa wasu nauyi. Da aka sakar wa kasuwa farashi, kuɗin dako ya dawo kan lita, shi ya sa man Arewa ya fi na bakin teku tsada.

Dala ma ta taɓa zama haka. Kafin Yunin 2023 farashin gwamnati yana wajen naira 460, na kasuwar bayan fage kuwa ya haura 700. Duk wanda ya samu dala a banki don biyan kuɗin karatu a waje ko shigo da kaya an yi masa rangwamen kusan naira 300 a kowace dala, ba tare da an rubuta sabsidi a ko'ina ba. A lantarki kuma, a watan Afrilun 2024 an cire rangwamen ga rukunin A, waɗanda aka ce suna samun wuta awa 20 a rana, farashinsu ya tashi daga kusan naira 68 zuwa 225 a kowane ma'auni. Sauran rukunai har zuwa E sun ci gaba da biyan ƙasa da ainihin kuɗin, gwamnati na ɗauke da ragowar. Rasit ɗin katin mita yakan nuna rukunin da gida yake.

Taki shi ne misalin da ya fi nuna cewa yadda aka tsara rangwame ya fi girmansa muhimmanci. A tsohon tsari gwamnati ke sayen taki ta raba, sai ya ɓace tsakanin ma'aji da gona, ya bayyana a kasuwa. A 2012 aka kawo tsarin saƙon waya: manomin da ya yi rajista ya samu saƙo, ya je cibiya, ya biya rabin kuɗin buhu biyu, gwamnatin tarayya da ta jiha su biya dillali ragowar. Ya rage karkatarwa, amma buhu biyu ne, alhali shawarar malaman gona ga hekta ɗaya ta masara a wannan yanki tana kaiwa kusan buhu goma, kuma jinkirin biyan dillalai ya raunana shirin. Daga ƙarshen 2016 aka koma haɗa takin a cikin gida da sinadarin Maroko, aka ƙayyade buhu a naira 5,500.

Kafin a sa hannu

Duk takardar da aka kawo da sunan tallafi, a fara da neman kalmar Turancin da aka yi amfani da ita a kanta, ko a sa wanda aka amince da shi ya karanta. Idan an ga "loan", "credit", "facility", "repayment", "tenor" ko "moratorium", rance ne. Ta ƙarshen nan tana nufin lokacin ɗaga ƙafa kafin a fara biya, ba yafewa ba. Idan an ga "interest-free", babu ruwa ne, amma uwar kuɗi tana nan. Idan an nemi mai tsaya maka, ko aka ce ka sa hannu a kan izinin cire kuɗi daga asusunka, rance ne ko da wane suna aka kira shi a wajen taro. Neman BVN shi kaɗai ba hujja ba ce, domin ana nemanta har a shirye-shiryen kyauta don tantance mutum.

Idan kuma kaya ne aka ce an yi musu rangwame, kamar taki ko shinkafa, a tambayi farashin kasuwa na ranar, da kason da gwamnati ta biya, da adadin da ya halatta mutum ɗaya ya karɓa, a kuma karɓi rasit mai nuna abin da aka biya. A rancen ƙungiya, a duba ko an rubuta cewa mambobi na tsaya wa juna, domin a irin wannan yarjejeniya idan mutum ɗaya ya gaza, sauran ake bi. A kuma ajiye kwafin duk takardar da aka sa wa hannu, tare da ranar da aka karɓi kuɗi ko kaya da sunan bankin da ya turo.